Darasi na 6: Yadda Sojojin Jiki Ke Kashe Ƙwayar da Ta Kamu

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Idan cuta irin ta ƙyanda ta shiga cikin ɗayansu, sai ta ɓuya a ciki tana hayayyafa. To, yaya jiki zai gane wadda ta kamu?

Wannan aikin fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ɓargo ke samarwa. A mikrolita ɗaya na jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo, akwai 4,000 zuwa 11,000. Cikinsu akwai ƙwayoyin T masu kisa, kuma sai sun taɓa suke kashewa.

Kusan kowace ƙwayar halitta tana fito da gutsuren abin da ke cikinta ta ajiye a bayanta, kamar yadda ɗan kasuwa a Daura ke baza samfurin kayansa a bakin rumfa. Ƙwayar T tana bi tana lalubawa. In ta ga na gida ne, ta wuce. In ta ci karo da gutsuren cuta, sai ta manne wa ƙwayar gam, ta kewaye wurin haɗuwar ta rufe shi, don kada dafin da za ta zuba ya shafi maƙwabta masu lafiya. Sannan ta zuba sinadari biyu: farforin ya huda fatar ƙwayar, giranzayim ya bi hudar ya sa ta rushe kanta. Cikin mintoci an gama. Sai ƙwayar T ta saki ta nufi ta gaba, wasu fararen ƙwayoyin kuma su haɗiye tarkacen.

Wasu cututtukan suna da wayo. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shigewa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa ba sa baza samfuri. Ƙanjamau yana cinye ƙwayoyin CD4, masu ba sojojin umarni. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a mikrolita ɗaya na jini, in sun yi ƙasa da 200 garkuwa ta karye. Tamowa ma tana raunana sojojin yaro ƙwarai.

Riga-kafi yana nuna wa ƙwayoyin T kamannin cuta tun kafin ta zo. Shi ya sa allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15 ba abin wasa ba ce.

Kaluluwar da ke fitowa a wuya, hammata ko matsematsi alama ce ta sojoji sun taru suna aiki. Kada a tsaga ta, kada a sa mata wuta. In ta wuce mako 2, ko ta yi tauri ba ta ciwo, ko ana rama da gumin dare, a je asibiti a duba.