Darasi Na Bakwai: Cutar Da Ke Fitowa Daga Hanjin Saniya

Saniya tana iya zama lafiya ƙalau, tana kiwo tana tuƙa, alhali a hanjinta akwai ƙwayar cutar da za ta kwantar da yaro. Sunan ƙwayar Ikolai. Yawancin danginta suna zaune a hanjinmu da na dabbobi, ba sa yi wa kowa illa. Amma akwai wani reshe mai fitar da dafi, kuma wanda ya fi yin suna a cikinsa shi ne O157. Dafin ba ya samun wurin kamawa a jijiyoyin jinin saniya, shi ya sa ba ta ciwo. A jikin mutum kuwa yana yi wa hanji rauni, ya bi jini har ƙoda.

Ta yaya aka san daga dabba take zuwa? Masana sukan ɗebi kashin shanu, da nama, da bayan gidan majinyaci. Sai su raini ƙwayar kowanne a ɗakin bincike, su duba ƙwayoyin gadonta. Yadda ake gane zuriyar mutum da tsagar fuskarsa, haka suke gane ko gidansu ɗaya. Sau da yawa ta jikin majinyaci da ta jikin saniya sukan zo daidai. An fara gane O157 a Amurka a 1982, ta niƙaƙƙen naman shanu da bai dahu ba. A 1993 ta kama sama da mutum 700 a can, yara huɗu suka rasu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, gadon yin dafin yana iya tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata. Irin wadda ta samo shi haka ce ta ɓarke a Jamus a 2011 ta tsiron hulba, ta kashe fiye da mutum 50.

Mu dawo Kaduna. Ka sayo rago a Zangon Tudun Wada, ana fiɗa a tsakar gida. Wuƙa ta huda tumbi, ƙazanta ta malalo kan tsoka. An ɗauraye, ido ya ga tsaf. Da wannan wuƙar, a kan wannan katakon, aka yanka albasa da kabejin da za a ci ɗanye. Naman zai shiga wuta, ƙwayar ta mutu, amma kabejin ba zai shiga ba. Ga shi ba ta buƙatar yawa, ƙasa da ɗari ma sun isa su kayar da mutum. Haka latas ɗin lambun bakin Kogin Kaduna idan ɗanyen taki ya taɓa shi, haka madarar da ba a tafasa ba kafin a kwantar da kindirmo.

Saboda haka a wanke kayan ciki nesa da tsoka. A ware wuƙa da katakon nama daban. Tsire da balangu su gasu har ciki, kada a ga ja. Wanda ya taɓa dabba ko taki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro.

Ciwon yakan bayyana bayan kwana uku zuwa huɗu: murɗawar ciki mai tsanani, sai gudawa, sai jini a cikin gudawar. Iyaye, ku ji wannan da kyau. Kada a ruga kemis a sayo kafso ko maganin tsayar da gudawa, domin a wannan ciwon suna iya ƙara wa ƙoda haɗari. A riƙa ba yaro ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti a ranar. Idan fitsarinsa ya ragu, ko fuska ta kumbura, ko cikin idonsa ya yi fari, ko da tsakar dare ne a tafi.

Aikin gida: rubuta jimla uku a kan yadda ake fiɗa da wanke kayan ciki a gidanku. Ka ja layi a ƙarƙashin wurin da ƙazantar hanji za ta iya taɓa abinci, mu karanta tare a aji.