Kurakuran da 'yan gem ke ta maimaitawa wajen sayen katin girafik

Wallahi na gaji da ganin yaran Samaru da Kongo a Zariya suna tara kuɗi wata da watanni, ƙarshe su zuba su a katin girafik (wato GPU, mai sarrafa hoton gem a kwamfuta) da ba zai kai su ko'ina ba.

Babban kuskuren shi ne sayen na hannu ba gwaji. Ku tuna 2021 da kati ya yi wuya saboda korona da masu haƙar Ethereum (kuɗin kirifto da a lokacin ake samar da shi da irin katunan nan), katin RTX 3060 da kamfanin Nvidia ya sa wa dala 329 sai ka kusa ninka kuɗin kafin ka samu. To a Satumba 2022 aka daina haƙar Ethereum da GPU, sai katunan nan da suka sha aiki dare da rana aka goge su tas aka watso kasuwa. Ni ma ɗaya ya faɗo hannuna, RX 580, mai shagon har da rantsuwa wai wani ɗalibi ne ya ɗan taɓa shi, ina kaiwa gida na kunna gem sai allo ya cika da ɗige-ɗige kore, fanka tana ƙara kamar injin markaɗe, da na koma ya ce ai ciniki ya faɗa. Tun daga ranar ba na fitar da ko sisi sai na buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati na ga ainihin katin, sannan na sa manhajar gwaji ta FurMark ta gasa shi a gabana ina kallon zafinsa. Mai kaya ya ce yana sauri? Bar masa abinsa.

Sai fawa suflai, wato abin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta. Haba malam, ka kashe dubban ɗaruruwa a kati sannan ka jona shi da wani fawa mara suna, alhali ka san yadda NEPA ke kawowa tana ɗaukewa a garin nan! Ni sai na fara sayen fawa mai kyau da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) kafin in taya kati.

Suna ma yana ruɗi, RTX 3050 akwai mai memori 6GB akwai mai 8GB, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

A daina cewa in ba Nvidia ba sai rijiya. RX 6600 ta kamfanin AMD tana aiki, Intel ma ta fito da Arc B580 mai 12GB a dala 249 a ƙarshen 2024.

In hunturu ya shigo kuma, buɗe kes ɗin kwamfutar ka hure ƙurar da bulowa, amma ka riƙe fankar da yatsa kada ta juya.