Yadda Ake Sanin Jihohin Najeriya 36 Daga Cikin Garin Kaduna

Kusan duk yaron da ya yi firamare a Kaduna zai iya zubo maka jihohi 36 da manyan biranensu a numfashi guda, tun daga Abiya da Umuahiya har Zamfara da Gusau, amma idan ka shimfiɗa masa taswira ka ce ya ɗora yatsa a kan Ebonyi, sai ka ga ido ya raina fata. Na gwada haka da ɗan ƙanwata da ke shirin jarrabawar shiga sakandare. Ya kawo sunayen babu gargada, amma da na tambaye shi jihohin da suka yi iyaka da tamu, Kano ya ambata, ya yi shiru, sannan ya ƙara da Sakkwato. Laifin ba nasa ba ne, domin jerin abacada ba ya nuna wa mutum wace jiha ce ta fito daga cikin wace, balle abin da ya haɗa su. Hanyar da zan bayyana a nan ba ta buƙatar komai sai babbar taswira wadda ta nuna koguna, da farar takarda, da fensir masu launi biyar, da ƙaramin littafin rubutu mai shafi arba'in ko fiye.

Ka fara da ruwa, kada ka fara da iyakoki, saboda iyakokin jihohi sun sha canzawa amma koguna suna nan inda suke. A farar takardarka ka zana Kogin Kwara yana shigowa ta jihar Kebbi, ya bi ta Yawuri da Kainji da Jebba, sannan ka zana Binuwai yana fitowa daga Kamaru ya ratsa Yola da Numan da Makurɗi, su haɗu a Lakwaja su gangara tsakanin Onica da Asaba zuwa teku. Daga nan ka ƙara kogin da ka fi sani, wato namu na Kaduna, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya raba garin nan gida biyu, ya wuce madatsar Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kwara a kusa da Pategi. Saura biyu a can sama: Rima da ke shayar da Sakkwato da Kebbi, da kuma ruwan Haɗejiya da Jama'are da ke haɗuwa su zama Kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. Da zarar ka gama wannan zane, sunaye da yawa za su daina zama baƙi, domin Kaduna da Neja da Binuwai da Taraba da Yobe da Ogun da Osun da Imo da Anambra da Kuros Riba duk daga koguna suka samo suna. Kogi kuwa kalmarmu ce ta Hausa, an kuma ba ta jihar da manyan kogunan biyu suka gamu a cikinta.

Aiki na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokacinka. Ka ɗauki jihohi tamkar zuriya, ka zana musu salsala yadda ake yi wa gidan sarauta, kowace shekarar haihuwa da launinta. Kafin 1967 ƙasar nan jihohin yanki huɗu ce: Arewa mai hedikwata a nan Kaduna, da Yamma, da Gabas, da Tsakiyar Yamma wadda aka yanka daga Yamma a 1963. Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba su zuwa jihohi 12, shida a Arewa shida a Kudu, a daidai lokacin da ƙasar ke bakin yaƙin basasa. Waɗannan 12 su ne iyayen gida, kuma wanda ya riƙe su da kyau ya ci rabin aikin. Na Arewa su ne Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, da Arewa ta Tsakiya a Kaduna, da Kano, da Arewa maso Gabas a Maiduguri, da Binuwai-Filato a Jos, da Kwara a Ilori. Na Kudu kuma Legas, da Yamma a Ibadan, da Tsakiyar Yamma a Benin, da Gabas ta Tsakiya a Inugu, da Ribas a Fatakwal, da Kudu maso Gabas a Kalaba.

Yanzu sai ka bi kowace uwa ka fitar da 'ya'yanta bisa shekaru huɗu da suka biyo baya: 1976 lokacin Janar Murtala Muhammad, inda jihohi suka zama 19 aka kuma keɓe ƙasar Abuja, 1987 da 1991 lokacin Janar Ibrahim Babangida, inda suka kai 21 sannan 30, da 1 ga Oktoba 1996 lokacin Janar Sani Abacha, inda suka cika 36. Ka fara da gida. Arewa ta Tsakiya ta koma suna Kaduna a 1976, ta haifi Katsina a 1987, shi ke nan labarinta. Kano ta haifi Jigawa a 1991. Arewa maso Yamma ta rabu zuwa Sakkwato da Neja a 1976, daga baya Sakkwato ta fitar da Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Wadda ta fi kowa zuriya a Arewa ita ce Arewa maso Gabas, wadda ta zama Borno da Bauchi da Gongola a 1976, sannan Borno ta fitar da Yobe, Gongola ta tsage ta zama Adamawa da Taraba a 1991, Bauchi kuma ta fitar da Gombe a 1996. Jihohi biyu ne za su ba ka wahala wajen zane domin iyayensu biyu-biyu ne: Kogi daga Kwara da Binuwai aka haɗo ta, Ebonyi kuma daga Abiya da Inugu. Cikin sunayen 1976 kuma biyu sun mutu gaba ɗaya, Gongola da Bendel, wato tsohuwar Tsakiyar Yamma, wadda ta zama Edo da Delta, don haka idan ka ga ɗayansu a tsohuwar takardar shaidar makarantar mahaifinka, yanzu ka san inda za ka ajiye ta. Binuwai-Filato da na Kudu da suka rage ka bi su da kanka a kan wannan tsari, ba za su ɗauke ka fiye da zama ɗaya ba.

Sai dai akwai tarko a nan. Jiha abu ne na jiya-jiya, kuma wanda ya ɗauka tarihin wuri ya fara ne daga ranar da soja ya karanta sanarwa a rediyo zai yi ta ruɗewa. Don haka a shafin kowace jiha cikin littafinka ka ware layi guda na abin da ke wurin kafin zuwan Turawa. Misali mafi kusa shi ne Zazzau: bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, sarakunan Haɓe na Zazzau sun yi kudu suka kafa garin Abuja, wanda yau ake kira Suleja, yana kuma cikin jihar Neja, yayin da Keffi da Nasarawa, waɗanda a da suke kai gaisuwa Zariya, suke cikin jihar Nasarawa. Haka Birnin Ngazargamu, tsohuwar fadar daular Borno, kufansa a jihar Yobe yake, ba a Borno ba. Wukari ta Jukunawa tana Taraba, Gwandu tana Kebbi alhali ikonta ya taɓa kai wa Bida da Ilori. Mazaunin Kaduna ya yi sa'a a wannan fanni, domin gidan tarihi na kan titin Ali Akilu yana da kayan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, waɗanda aka fara tono irinsu a 1928 a ƙasar Jaba wajen haƙar kuza, ga kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda ake ajiye takardun mulkin Jihar Arewa. Ko gadar ƙarfe ta Lugga da ke lambun Gamji darasi ce, tun da daga Zungeru aka ɗauko ta, garin da ya riga Kaduna zama hedikwata kuma a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904.

Abin da ya shafi noma da sana'a kuwa, kasuwa ta fi aji iya koyar da shi. Ka tafi Bakin Dogo da safe ko kasuwar Kawo ranar Talata da littafinka a aljihu, ka sayi abin da za ka saya, sannan cikin ladabi ka tambayi mai kaya, "Alhaji, wannan daga ina aka yo lodinta?" Za ka ji albasa ta Aliero ce a Kebbi, doya ta Zaki Biam a Binuwai, dankalin Turawa na Bokkos a Filato, bandar kifi ta Baga a Borno, goro na Shagamu a Ogun, citta kuma tamu ce ta Kachiya. Kowace amsa ka mayar da ita kan taswira, ka tambayi kanka dalili: dankalin Turawa sanyi yake so, shi ya sa ya zauna a kan tudun Filato, doya kuma tana son damina mai tsawo irin ta kwarin Binuwai. A hanyarka ta komawa ka riƙa karanta allunan titunan tsakiyar gari, irin su titin Katsina da na Kano da na Jos da na Bida da na Gwandu da layin Legas da na Ibadan da na Abeokuta, kana faɗa wa kanka jihar da kowane gari yake a yau.

Wurin da mu 'yan Arewa muka fi rauni shi ne Kudu, inda muke tattara kowa mu ce ko Bayarabe ne ko Ibo. Wannan kuskure ne da ya kamata littafinka ya gyara. Akwa Ibom ƙasar Ibibiyo da Annang ce, Kalaba ta Efik, Bayelsa ta Ijo, kuma a cikinta Oloibiri yake, inda aka fara samun man fetur a 1956. Delta kaɗai ta ƙunshi Urhobo da Itsekiri da Isoko da Ijo da masu jin Ibo a wajen Asaba. Yadda ba ma jin daɗi idan baƙo ya ɗauka kowa a jihar Kaduna Bahaushe ne, ya manta da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara, haka su ma. Ka rubuta sunan da kowace al'umma take kiran kanta da shi, ba wanda aka laƙaba mata a tasha ba.

Lambobi kaɗan sun isa, kada ka cika shafi da su: ƙananan hukumomi 774 a ƙasa baki ɗaya, Kano ce ta fi yawa da 44, Bayelsa ta fi ƙaranci da 8, Kaduna tana da 23, Neja ta fi kowa faɗin ƙasa, Legas ta fi kowa ƙanƙanta, tsauni mafi tsawo, Chappal Waddi, yana Taraba.

Idan kana son ka san ko karatun ya zauna, ka kife taswira ka yi tafiyar baki. Ka ce ka hau mota a tashar Kawo za ka Maiduguri ta Kano, ka jero jihohin da za ka taka: Kaduna, Kano, Jigawa, Bauchi ta Azare, Yobe ta Potiskum da Damaturu, sannan Borno. Ka sake tashi daga Mando zuwa Legas ta tsohuwar hanyar Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ka tsallaka Kogin Kwara a Jebba, ka bi Ilori da Ogbomosho da Ibadan da Shagamu. Sannan ka koma ga tambayar da ta kayar da ɗan ƙanwata, ka zagaya jiharmu da yatsa daga arewa maso yamma: Zamfara, Katsina, Kano, Bauchi, Filato, Nasarawa, Abuja, Neja. Sakkwato ba ta ciki, domin tun 1996 Zamfara ta shiga tsakaninmu.