Yadda Za Ka Kai Sabuwar Motar Tsere Gida Lafiya a Lokacin Ƙanƙara

Fara da taya. Yawancin motocin tsere da tayoyin lokacin zafi suke fitowa daga kamfani, robarsu kuwa takan sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, sai ta daina kama titi sosai ko da babu ƙanƙara. Ka sa dila ya ɗaura maka tayoyin hunturu guda huɗu, masu tambarin tsauni da dusar ƙanƙara a gefensu. Biyu kaɗai haɗari ne, domin ɓangare ɗaya zai kama, ɗayan ya zame, mota ta juya da kai. Idan ba a samu tayoyin ba, gara a ɗora motar a tirela. Ka auna iskar taya da safe, sanyi yana rage ta.

Irin waɗannan motoci galibi tayoyin baya ne ke tura su, ga ƙarfin inji, don haka totur kaɗan ya isa ya sa baya ya wulla. Taka a hankali, ka tashi da giya ta biyu, kada kuma ka kashe na'urar hana santsi. A kan ƙanƙara tazarar tsayawa tana iya ninkawa har sau goma, ga sabon birki da sabuwar taya ba su gama zama ba. Gada tana riga sauran titi daskarewa.

Cikin motar kusa da ƙasa yake, ka guji tudun dusar ƙanƙarar da ba a share ba, zai iya fasa bamba. Kana isa gida ka wanke ƙarƙashinta, gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana jawo tsatsa.