Yadda matar aure a Sakkwato za ta shirya takardu da ganawar bizar zuwa wurin mijinta a Amurka

'Yar'uwa, idan maigidanki yana Amurka ke kuma kina nan Sakkwato, ki fara da sanin halin da ake ciki. A ƙarshen 2025 gwamnatin Amurka ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, don haka kafin a kashe ko sisi ku duba shafin intanet na ofishin jakadancinsu. Amma haɗa takardu aiki ne mai cin watanni, gara a fara shi tun da wuri.

Matakin farko na maigida ne. Shi zai cike fom ɗin I-130 ya miƙa wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, kuma sai ya kasance ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Idan suka amince, fayil ɗin zai koma NVC, cibiyar biza ta ƙasar Amurka, su ba ku lamba. Ki rubuta lambar nan ki adana, da ita za ki riƙa shiga komai.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da auren, kuma nan ne ya fi damuna. Aurenmu na gaskiya ne, an yi shi gaban jama'a, an biya sadaki, an raba goro, sai dai sau da yawa ba ya barin takarda. Jami'in da zai duba fayil ɗinki bai halarci ɗaurin auren ba, abin da ke rubuce kawai zai gani. Ki nemi takardar shaidar aure daga inda aka ɗaura shi ko daga kotun shari'a, da sunayenku da ranar auren daidai. In da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, a fassara zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu.

Abu biyu a al'adarmu suna bukatar kula. Mukan ɗaura aure ta hannun waliyyi da wakili, wani lokaci ango yana can ƙasar waje. Dokar Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya, sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. To idan haka naku ya kasance, lallai maigida ya zo gida, ku ajiye tikitin jirginsa, da hatimin shigowa a fasfonsa, da hotunanku tare da dangi. Na biyun, Amurka ba ta amincewa da auren mace fiye da ɗaya. Idan ɗayanku ya taɓa aure, sai an kawo takardar saki daga kotu ko shaidar rasuwa, saki na baki ba ya wadatarwa. Kada wani ya ba ki shawarar ɓoye wannan. Ƙarya a neman biza tana iya haramta wa mutum shiga ƙasar har abada.

Sai naki takardun: fasfo mai sauran kwana sosai, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar 'yan sanda mai nuna ba ki da laifi, da hoto mai farin bango. Ba sai kin cire hijabi ba, fuskar dai ta fito gaba ɗaya. Ki shimfiɗa su duka a gabanki ki duba suna da ranar haihuwa. Idan fasfo ya ce Aishatu, takardar makaranta ta ce Nana Aisha, ta aure kuma ta ƙara sunan garinku, ki gyara tun yanzu ko ki yi rantsuwar kotu da ke bayyana bambancin. Daga nan ki cike DS-260, fom ɗin neman bizar, a intanet. Ko a shagon kwamfuta za a cike miki, ki zauna a wurin a karanta miki kowane layi, domin ke za a tambaya a kansa. Maigida kuma zai cike I-864, alkawarin ɗaukar nauyinki, ya haɗa da takardun harajinsa. Ana son samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na Amurka. In bai kai ba, wani ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin da ke can zai iya tsaya masa.

Ganawar irin wannan biza a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yin ta, a unguwar Victoria Island. Kafin ranar akwai gwajin lafiya da allurar rigakafi, kuma a wurin likitan da ofishin ya amince da shi kaɗai ake yi, sakamakon wani asibiti ba ya shiga. Saboda haka ki bar Sakkwato da kwanaki a hannu, ko ta filin jirgin Sultan Abubakar III ko ta mota, ki kuma tanadi masauki kusa, don cunkoson Legas ba ya jiran kowa.

Ranar ganawa ki je da asalin takardu da kwafinsu, ki bar waya a masauki. Za a ɗauki zanen yatsunki, ki yi rantsuwa, sannan a tambaye ki ta bayan gilashi: yaya kuka haɗu, wane aiki yake yi, a wane gari yake zaune, yaushe rabonki da shi, yana da 'ya'ya? Na san kunya ta hana da yawa daga cikinmu kiran sunan miji, amma a nan ki faɗi cikakken sunansa, ki ɗaga kai ki yi magana a ji. Idan iyaye ne suka haɗa ku, ki ce haka, ba laifi ba ne. In ba ki gane tambaya ba, ki roƙi a maimaita. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, kada ki ƙirƙiro.

Idan aka miƙo miki takarda mai lamba 221(g), yawanci wani abu ne ya rage ko ana ƙarin bincike, ki karanta ki kawo abin da aka nema. Idan an amince kuma maigida ɗan ƙasa ne, auren da bai kai shekara 2 ba ana ba shi bizar CR1, katin zama na shekara 2 da sharaɗi, wanda ya wuce haka kuma bizar IR1, wadda ba ta da sharaɗin. Bizar ba ta wuce wata 6, don haka ki duba ranar ƙarewarta. Kada ki sayar da kayan ɗakinki ko ki ajiye aiki sai fasfo ya dawo hannunki da biza a ciki.