Sauya Sunan Mai Gidan Tirela a Amurka: Haraji da Kuɗin Takardu

Kafin ka miƙa wa mai sayar da gidan tirela (gidan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi zuwa inda za a zauna) ko dala ɗaya, ka fara sanin matsayin gidan a wurin doka: kaya ne kamar mota, ko an riga an haɗe shi da filin da yake kai? Duk abin da za a caje ka daga amsar nan yake fitowa. Yawancin gidajen da ke unguwannin da ake biyan hayar fili wata-wata suna da takardar mallaka irin ta mota, kuma ofishin jiha ne ke sauya suna a kanta. Idan kuwa mai gidan shi ke da filin, ya soke waccan takarda ya yi wa gidan rajista a matsayin gini, to cinikin gida da fili ne, a ofishin rajistar filaye na gunduma ake kammala shi.

Ka ga takardar da idonka. Ka gwada lambar da ke jikinta da wadda aka buga a ƙarfen ƙasan gidan ta gaba, da wadda ke takardar bayanan da masana'anta ke mannawa a cikin kabad ɗin kicin ko kusa da akwatin wuta. Gidan da aka ƙera daga 15 ga Yuni, 1976 yana da jan faranti na ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, a jikin kowane ɓangare. Idan gidan ɓangare biyu ne aka haɗa, a Fulorida kowane ɓangare da takardarsa, kuɗin sauya suna ma sau biyu ne. Wanda ya karɓi takarda ɗaya ya tafi, rabin gida ya saya. Sunan da ke takardar kuma dole ya zama na mutumin da ke sayar maka. Sau da yawa gida kan bi hannu biyu ko uku ba wanda ya je ofis, sai mai saye na ƙarshe ya shiga neman sa hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Idan sunan banki na jiki, sai an kawo takardar da ke nuna an gama biyan bashin.

Inda aka fi cutuwa shi ne tsohon harajin kadara. Wannan bashi gidan yake bi, ba mutumin da ya ƙi biya ba. Ranar da gidan ya zama naka, bashin ya zama naka, har da tarar da ta hau kansa. Shi ya sa wasu jihohin ba sa sauya suna sai an share shi. A Tekzas, hukumar gidaje ta jihar, TDHCA, ce ke ba da takardar shaidar mallaka a kan dala 55, kuma ga gidan da aka taɓa zama a ciki tana neman takarda daga mai karɓar harajin gunduma cewa babu harajin da ake bin gidan a watanni 18 kafin ranar ciniki. Kwana 60 ake ba ka ka shigar da takardu, bayansu akwai tara. A Kalifoniya hukumar gidaje ta jihar, HCD, ce ke wannan aiki, kuma shekarar gidan tana da muhimmanci: wanda aka fara sayarwa sabo daga 1 ga Yuli, 1980 harajin kadara na gunduma yake biya, ba za a sauya sunansa ba sai da takardar wanke haraji daga gundumar, wato shaidar cewa ba a bin gidan haraji. Wanda ya girmi wannan rana kuɗin rajista na shekara-shekara yake biya wa jiha, sai dai idan wani mai shi ya mayar da shi tsarin gunduma. Ka kuma sa a lissafi cewa sauyin mallaka a Kalifoniya yana sa a sake yi wa gidan ƙima, don haka harajin da tsohon mai gida ke biya ba lallai ne shi za ka biya ba.

Kada ka tsaya ga maganar baki a nan. Ka kira ofishin harajin gunduma da kanka, ka ba su lambar gidan, su faɗa maka abin da ake bi. Idan akwai bashi, a cire shi daga kuɗin ciniki a biya ofishin kai tsaye. Harajin shekarar da ake ciki kuma a raba shi bisa watannin da kowa ya riƙe gidan, a rubuta a yarjejeniya.

Sai harajin saye, wanda ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha. Fulorida tana karɓar kashi 6 cikin ɗari a kan gidan da aka taɓa zama a ciki ko da tsakanin mutum da mutum aka yi cinikin, a wurin sauya suna ake biya. Gidan dala 40,000 ke nan harajinsa dala 2,400, ga ƙarin na gunduma da ake ɗorawa a kan dala 5,000 na farko kawai. Kwana 30 ne wa'adin sauya suna a can. Akwai kuma sitikar rajista da ake sabuntawa kowace shekara ga wanda ke hayar fili. A Tekzas kuwa a kan sayarwar farko daga masana'anta ake ɗora harajin. Wasu kan rage farashi a takardar ciniki don harajin ya sauka. Laifi ne, kuma ranar da rigima ta taso, abin da aka rubuta kotu za ta duba.

Idan gidan ya haɗe da fili, harajin saye ya fita, kuɗin rajistar takardar fili da harajin sauya kadara su shigo. A Fulorida santi 70 ne a kan kowace dala 100 a gundumomin da ba Miami-Dade ba, wato dala 840 a cinikin dala 120,000. Tekzas ba ta da wannan haraji. Abin dubawa shi ne ko an soke tsohuwar takardar mallaka da gaske, domin idan tana raye, banki na iya ƙin ba da lamunin gida.

Unguwar haya tana da nata sharaɗin. Ka nemi amincewar masu unguwar a rubuce kafin ciniki, ka tambayi ko akwai hayar filin da ba a biya ba. Idan suka ƙi ka, jan gidan zuwa wani wuri dubban daloli ne, kuma a jihohi irin su Karolina ta Arewa sai an biya haraji ofishin gunduma ke ba da izinin ɗaga shi.

Kyauta ma sai an sauya suna. Idan darajar gidan ta wuce dala 19,000, iyakar shekarar 2025, mai bayarwa zai cika fom 709 na hukumar harajin tarayya, IRS, ko da yake galibi ba a biyan komai. Mai sayarwa da ya zauna a gidansa shekara 2 cikin 5 na ƙarshe ba ya biyan harajin tarayya a kan ribar da ba ta wuce dala 250,000 ba.

Ranar biya, ku je ofishin tare da mai sayarwa, da katin shaida, da takardar mallaka, da ta ciniki, da ta wanke haraji. Wasu jihohin suna neman a sa hannu a gaban mai hatimin shaida, don haka kada kowa ya sa hannu tun daga gida. Sai ma'aikacin ya duba ya ce takardun sun cika, sannan ka saki ragowar kuɗin.