Kurakuran da aka fi yi wajen duba kilomitar babur na gudu kafin a saya

Mai neman babur na gudu na hannu, irin su Yamaha R6 ko Honda CBR600RR ko Suzuki GSX-R, yawanci idonsa kan lambar da ke mita yake fara sauka, kuma sau da yawa a kanta yake yanke hukunci tun kafin a tayar da injin. Lambar tana da amfani, ba shakka, sai dai abin da take faɗa kaɗan ne: tana faɗin nisan da babur ya ci, amma ba ta faɗin irin hawan da aka yi masa, ko kulawar da ya samu a tsakani. Kurakuran da masu saye ke yi kusan duka daga ɗora wa lambar nauyin da ya fi ƙarfinta suke tasowa.

Mafi sauƙin gyarawa shi ne rashin tantance ma'aunin da mitar ke amfani da shi. Baburan da aka yi domin kasuwar Amurka da Ingila da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, saboda haka wanda ya ga 20,000 ya ɗauka kilomita ce, alhali mil ne, ya ruɗi kansa da kimanin kilomita 12,000.

Bayan wannan sai tsoron babbar lamba. Akwai dalili a cikin wannan tsoro, domin injin mai cc 600 irin na waɗannan babura yana iya juyawa sau 15,000 ko fiye a minti ɗaya, ga shi an ƙera shi da rashin nauyi domin ya ba da ƙarfi mai yawa daga ɗan ƙaramin jiki. Amma ba kowace kilomita ce ke cin inji daidai da 'yar'uwarta ba. Inji ya fi lalacewa a mintunan farko bayan an tayar da shi, lokacin da man inji bai yi ɗumi ya zagaya ko'ina ba, da kuma lokacin da ake riƙe shi a ƙurewar ƙarfinsa. Babur da ya yi kilomita 50,000 a doguwar hanya, yana tafiya a rabin ƙarfinsa, ana yi masa juye a kan lokaci, zai iya fin lafiya nesa ba kusa ba idan aka gwada shi da wanda ya yi 12,000 a gajerun tafiye-tafiye, ana murɗa masa mai yana sanyi. Gyaran wannan kuskure shi ne a mayar da lambar ta zama mafarin tambaya: a ina aka yi wannan tafiya, kuma ina rasit ɗin sabis?

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane, a ganina, shi ne na ɗaya ɓangaren, wato murnar samun tsohon babur mai ƙaramar lamba. Babur mai shekara 12 da bai wuce kilomita 6,000 ba yana nufin ya shafe yawancin rayuwarsa a ajiye, kuma zama yana lalata babur ta hanyoyin da mita ba ta nunawa. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki yana lalacewa ya bar danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin mai, cikin tankin kuma yana iya yin tsatsa. Robobin da ke riƙe mai a shokozoba na gaba suna bushewa su fara yoyo da zarar an koma hawa. Man birki yana shan danshi daga iska ko ana hawa ko ba a hawa, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Tayoyi kuwa sukan yaudari ido, domin zanensu zai kasance cike kamar sababbi alhali robar ta taurare ta daina kama kwalta, abin da ke da haɗari ƙwarai ga babur da aka yi domin ya kwanta a kwana. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wanda zai sayi irin wannan babur ya lissafa tayoyi, batir, man birki, ruwan lagireto da wankin tanki a cikin kuɗin sayen tun farko.

Akwai kuma gaskata lambar kanta ba tare da neman mai shaida ba. Ba lallai sai an yi maguɗi ba ne lamba ke zama ƙarya: mitar babur na gudu a gaba take, cikin robobin da ke fara fashewa idan an faɗi, kuma idan aka sa wata da aka ciro daga wani babur, sau da yawa da lambar wancan take zuwa. Jikin babur shi ne mai shaida. Idan mita ta ce 8,000 amma robar hannu ta sulɓe, matakan ƙafa sun goge, faifan birki ya yi rami har yatsa na jin tudun gefensa, to magana ba ta haɗu ba. A jikin faifan akan rubuta mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, kuma makanike zai auna shi cikin minti ɗaya. Rasit masu kwanan wata da lambar mita sun fi kowace irin rantsuwa, domin ana iya jera su a ga ko lambar tana hawa a hankali ko ta taɓa komawa baya.

Abin da 'yan kaɗan ne ke yi, kuma shi ne ainihin amfanin lambar, shi ne a ɗora ta a kan jadawalin sabis na kamfanin. Babban aiki a waɗannan injuna shi ne auna tazarar bawul (wato ƙananan ƙofofin da ke shigar da iska da fetur cikin inji ko fitar da hayaƙi), wanda ke bukatar a cire robobin jiki da tanki da abubuwa da yawa kafin a kai gare su, idan kuma sai an gyara tazarar aikin ya ƙara tsawo. A CBR600RR da GSX-R600 ana yin wannan awo wajen kowace kilomita 24,000, a R6 kuwa wajen 40,000. Ke nan CBR mai 23,000 da ba a taɓa buɗe shi ba yana ɗauke da bashin da sabon mai shi zai biya ba da jimawa ba, shi kuwa mai 27,000 da ke da takardar an yi aikin ya riga ya sauke wannan nauyi, kuma a wannan lissafi mai babbar lambar shi ne mai araha. A yawancin irin waɗannan injuna tazarar raguwa take yi, saboda haka ba ta yin ƙarar da za ta faɗakar da mutum. Sai dai a ga tayarwa ta fara wuya, idan aka ƙyale kuma bawul ya ƙone. Tsofaffin Ducati irin su 848 da 1098 suna da nasu ƙarin, domin bel ne ke juya sandunan bawul ɗinsu, kuma ana canza shi bisa shekaru ko da babur bai yi tafiya ba. Sarƙa da haƙoran da take hawa, takalman birki da kuloci duk kayan da ke ƙarewa ne a canza su, ba dalilin fasa sayen babur ba ne, dalilin neman ragi ne.

Wasu kuma, saboda lambar ta kwanta musu, ba sa neman alamun filin tsere ko wasan ɗaga taya. Ƙananan ramuka da aka huda a kan notin juye ko murfin man inji alama ce ta an ɗaure su da waya, kamar yadda dokar tsere ke bukata. Robar da ta narke ta dunƙule a gefen taya, da robobin jiki da ba na kamfani ba, su ma suna ba da labari. Hawan filin tsere ba laifi ba ne a kan kansa, domin da yawa daga masu yinsa sun fi kowa kula da inji, amma ya kamata mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. Mai yawan ɗaga tayar gaba kuwa yakan bar shaida a wuyan babur: idan aka ɗaga gaban aka juya kan a hankali, za a ji yana maƙalewa a tsakiya. A gwajin hanya a matsa mai sosai a giya ta biyu, domin idan tana fita da kanta, gyaran sai an raba inji.

Kuskuren da ya saura shi ne yarda a zo a tarar an riga an ɗumama injin. A nemi mai babur ya bar shi ya kwana bai tayar ba, a taɓa injin da hannu a tabbatar da sanyinsa, sannan a tayar a saurara, a kuma dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi alamar ƙona man inji ce, farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, kamar yadda man da ya koma kalar madara ke nunawa. Idan duk wannan ya yi daidai amma babbar lambar na ci gaba da damun mai saye, makanike zai cire fulogi ya auna matsin kowace silinda, ya gwada sakamakon da adadin da kamfanin ya rubuta a littafin gyaran babur ɗin.